Takardu Goma Sha Ɗaya Marasa Lamba

Abubuwa da yawa na zamana a Dubai sun fara ɓace mini, har lambar bas ɗin da nake shiga kullum sai na yi dogon tunani kafin in tuno. Amma yadda na rasa lasisin aikina saboda tambaya ɗaya da na kasa yi, wannan kam ko tsufa ya ci ƙarfina ba zan manta da shi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ba mai shiru-shiru ba ce. A gidanmu rediyo ake ce mini, a makaranta kuwa ni ce mai ɗaga hannu har malami ya ce in bari wasu ma su samu. Sai ga shi ranar da bakin zai yi mini rana, ranar ya ƙi buɗuwa.

Ni fisiyo ce, wato cikin masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Mu ake turo wa wanda ya karye bayan an cire masa filasta, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, mu koya masa zama da tsayuwa da tafiya daga farko. Shekarata bakwai ina aiki a wani asibiti a Zariya kafin in tafi. Wanda ya yi mini hanya malamina ne tun na jami'a, ya riga mu zuwa can da daɗewa. Shi ya turo mini tallar aikin, shi ya faɗa mini abin da zan karanta don jarrabawar lasisi, ranar da na sauka kuma shi da maiɗakinsa suka ɗauko ni daga filin jirgi. A gidansu na kwana uku kafin in samu ɗaki a unguwar International City. Malam nake ce masa, shi kuma 'yata. Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne tushen komai.

Asibitin da ya ɗauke ni ƙarami ne, mai zaman kansa. Mu biyu ne fisiyo, ni da wani ɗan Indiya mutumin Kerala, wanda in ya yi magana goma a wuni to ranar ya yi surutu. Shi ke duba maza, ni ke duba mata, domin yawancin matan da ake kawo mana ba za su yarda namiji ya taɓa su ba ko da ciwon zai kashe su. Manajarmu wata Balarabiyar Masar ce, ba ta da mugunta amma ba ta da wasa. Tun satina na farko ta zaunar da ni ta ce lasisi duk shekara ake sabunta shi, kuma ba a sabuntawa sai mutum ya nuna ya ƙaro ilimi. Za ki riƙa zuwa bita, kowace bita tana da maki, ki tara makin ya kai adadin da hukuma ta yanka, ki ɗora takardun a shafinta. Na ce mata ai wannan ba baƙon abu ba ne, mu ma muna yi a gida. Ta ce, "To khalas, shi ke nan, kin hutar da ni." Da na bar ta ta ƙarasa bayaninta, wataƙila da yanzu wani labarin nake ba ku.

A gida yadda na saba, in babba a sana'a ya shirya bita ya sa hannu a takarda, ban taɓa ganin an dawo da ita ba. Sunan mutumin shi ne hatimin. Da wannan tunanin na shiga jirgi, da shi na sauka.

Malam kuwa yana da bita da yake shiryawa duk Asabar ɗin ƙarshen wata, ta ma'aikatan lafiya 'yan arewa. A wani ƙaramin otal ake yi a unguwar Al Buteen, irin otal ɗin da 'yan kasuwarmu na Kano ke sauka, wanda sai ka tsallake kwalaye da dilolin kayan da ke jiran jirgin dakon kaya kafin ka kai ga matakala. Akwai wani ɗan zaure a hawa na farko, kujeru kamar talatin, da majigi mai gardama. Likitoci ne da nas-nas da masu haɗa magani da mu fisiyo 'yan ƙalilan. Malam zai yi darasi na kusan awa biyu, wani lokaci ya gayyato wani ya yi, a yi tambayoyi, a yi azahar, sannan a buɗe kulolin tuwo da miyar kuka da wata baiwar Allah ke dafawa a unguwar Deira. Ranar ce kaɗai a wata nake jin Hausa ta cika mini kunne. In an tashi in taka zuwa bakin ruwa in tsaya ina kallon kwale-kwalen da ke tsallakar da mutane, cikina a cike, zuciyata a wanke.

Kuma kada wani ya ɗauka bitar wasa ce. Wallahi abin da na koya a ɗan zauren nan ya fi abin da na koya daga baya a wuraren da aka amince da su. A ƙarshen kowane zama Malam zai kira suna ɗaya bayan ɗaya ya miƙa satifiket, takarda mai kauri da zanen ruwan gwal a gefe, ga sa hannunsa da koren biro, a ɗauki hoto. Ni kuwa washegari in kai ta wani shago kusa da babbar kasuwar 'yan Cana da ke unguwarmu a yi mata leda, in saka a fayil. Har shafa fayil ɗin nake yi. Abin da ban lura ba shi ne kusan duk waɗanda muke zama da su a manyan asibitoci suke aiki, inda ake shirya musu tasu bitar a cikin gida, makinsu na shiga ba tare da sun ma sani ba. Su zumunci da tuwo da ƙarin sani ke kawo su. Ni kaɗai ce na ɗora lasisina kacokan a kan zauren nan.

Allah bai bar ni ba gargaɗi ba, wannan dole in faɗa. Wajen wata na huɗu na ga abokin aikina ɗan Kerala yana ɗora tasa takardar a kwamfuta, wata fara fat da ita, ba ado ba komai. Na ce masa wannan ai rasit ɗin kanti ne, na zaro tawa na nuna masa yadda satifiket yake. Ya karɓa ya juya gaba ya juya baya, ya ɗora yatsa a ƙasan tasa inda wata doguwar lamba take, ya ce, "Sista, taki ina lambarta?" Na ce tamu ba ta buƙatar lamba, wanda ya sa hannun ya koyar da ni, ya kuma koyar da waɗanda suka koyar da ni. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da aikinsa.

Na yi dariya a gabansa, amma maganar ta zauna mini. Asabar ɗin da ta biyo baya na tafi Al Buteen da tambayata a baki, tun a cikin bas nake maimaita yadda zan jera ta. Da aka tashi na nufi Malam, yana tsaye da faranti a hannu tare da wani dattijon ɗan kasuwa da ya leƙo gaisuwa. Yana ganina ya washe baki ya ce, "Alhaji, ga 'yar tawa da nake ba ka labari. Ni na kawo ta ƙasar nan, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba." Alhajin ya yi ta sa mini albarka. Sai Malam ya juyo ya ce, "'Yata, da magana ne?" Na ce, "A'a Malam, gaisuwa ce kawai."

To in ce masa me? In ce Malam, takardar nan taka hukuma ta san da ita kuwa? A kunnena daidai yake da in ce masa takardarka ta bogi ce. Mutumin da na kwana a gidansa, wanda matarsa ta ba ni bargo da tukunya. Na ce wa kaina ai ya fi ni sanin ƙasar, da akwai matsala da ya faɗa. Na haɗiye tambayar da ruwan sanyi, na karɓi takarda ta biyar na kai aka yi mata leda. Haka na ci gaba har suka kai goma sha ɗaya.

A cikin watannin nan ne aka kawo mini wata tsohuwa daga Hatta, can cikin duwatsu wajen iyakar Oman. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. 'Yarta ce ke tuƙo ta sau biyu a sati, tafiyar fiye da awa ɗaya, a keken guragu ake shigo da ita. An kai ta wurare biyu kafin mu, ta ƙi kowa, ta juyar da kai bango ta yi shiru. Ni kuwa shiru ba ya zama kusa da ni. Na dinga zuba mata guntun Larabcina na Islamiyya haɗe da na kasuwa, ina kwaɓawa, har wata rana ta kasa daurewa ta gyara mini wata kalma da karkataccen bakinta, ta kira ni sakarya. 'Yarta ta fashe da kuka, wai rabon da uwar ta yi doguwar magana haka tun ranar da ta faɗi. Daga nan muka ƙulla. Ina ce mata Yumma, yadda suke kiran uwa, ita kuma tana ce mini binti, wato 'yata.

Wata biyar muna fama. Daga kwance ta iya zama, daga zama ta iya miƙewa in na riƙe ta, har muka kai ga tsayuwa tsakanin ƙarafa biyun nan na koyon tafiya. Ba ta yarda da ƙarfen ba, da hannuna ta yarda. Sai ta miƙo mini hannun hagu mai lafiyar, in kama, in tallafi ƙugunta, in ce, "Yalla Yumma, shwaiya shwaiya," wato mu je a hankali, sannan ta ɗaga ƙafa. Burinta ɗaya ne, ta taka da ƙafarta daga ƙofar ɗakinta zuwa gindin dabinon da mijinta ya dasa. Ta ce taku ashirin ne, ta san su kamar yunwar cikinta. Mun kai taku shida. Har zuma ta kawo mini a kwalba, ta gonarsu, ta ce in sha muryata ta ƙara ƙarfi tunda ba na gajiya da magana.

Saura kwana tara lasisina ya ƙare na ɗora takarduna. Me zai sa in yi gaggawa, ni da makina ya yi ninki a lissafina? Bayan kwana biyar manaja ta aiko a kira ni. Ta juyo mini da fuskar kwamfutarta. Ga takarduna a jere, goma sha ɗaya, gaban kowace an rubuta da ja cewa ba a san wanda ya shirya ba, ba lambar amincewa. A ƙasa inda ake rubuta jimillar maki, sifili.

Na ce mata kuskure ne, wanda ya sa hannun babban malami ne, ya shekara kaza a ƙasar nan. Ta cire tabarau ta ce, "Habibti, 'yar'uwa, ko shi ya ƙirƙiro sana'ar, in bai kai bitarsa an tantance an ba ta lamba ba, takarda ce kawai. Ba wanda ya faɗa miki?" Ta ce saura kwana huɗu, kuma daga ranar da lasisin ya mutu doka ta hana in taɓa ko yatsar majinyaci, in na taɓa asibitin za a rufe. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Mai tsoro ba ya karatu da kyau. Ina komawa ɗaki na hau intanet ina neman inda ake ba da maki da sauri. Ga su nan birjik, kowa na cewa duniya ta amince da shi, kowa da tambarin ƙwallon duniya da ganye a gefe. Na zaɓi wanda ya fi yawan maki a ƙanƙanin lokaci, na biya, na kwashe Asabar da Lahadi a gaban kwamfuta ina kallon bidiyo ina amsa tambayoyi, ko girki ban yi ba. Suka turo takarda, kuma da lamba a ƙasanta. Har sujada na yi. Na ɗora. Amsa ta dawo bayan lasisin ya riga ya mutu, wai lambar ta wata ƙungiya ce da hukumar ba ta hulɗa da ita. An gudu ba a tsira ba. Na zauna a bakin gado da wayar a hannu, ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Sai a lokacin na sauke girman kai na je wajen ɗan Keralan nan da na yi wa dariya. Bai ce mini ai na faɗa miki ba, da ma ya faɗa da na fi jin sauƙi. Ya jawo kujera ya buɗe shafin hukuma ya nuna mini abin da ke nan tun ranar da na sauka a ƙasar. Akwai jerin wuraren da aka amince su ba da horo. Ya ce ko wurin yana cikin jerin kada in saki jiki, in duba ita kanta bitar ko an ba ta lambarta, domin wuri ɗaya kan shirya bita goma, uku kawai ya kai aka tantance. In na ga lambar in duba ko ta shafi fisiyo, don akwai wadda makinta na likitoci da nas ne kawai. In kuma ina shakka in tura wa masu shiryawar imel su amsa mini a rubuce kafin in biya ko sisi. Bayanin bai kai minti goma ba. Minti goma, jama'a, da na nema wata takwas da suka wuce.

Manaja ta ce za ta riƙe mini gurbina sati uku, fiye da haka ba za ta iya ba, don mata na ta kira kuma ba macen da za ta duba su. Na shiga nema kamar mahaukaciya. In samu wadda ta dace, sai in ga an yi ta satin da ya wuce. In samu wata, ta cika. Wata mai maki da yawa sai bayan wata biyu. Waɗanda ake yi ta intanet na gaskiyar kuwa makinsu ɗan kaɗan ne, kuma takardar ba ta fitowa sai bayan kwanaki. Na ratsa garin nan a bas da jirgin ƙasa cikin zafin da ke sa takalmi ya yi laushi, in je ofis a ce in tura imel, in tura imel a yi shiru. Akwai ranar da na isa wani wuri tun da sassafe na roƙi matar da ke rajista ta bar ni in tsaya a baya ko ba kujera, ta ce adadin da aka amince musu ke nan, in ta ƙara mutum ɗaya su ma za su shiga matsala. Na fito na zauna a tashar bas mai sanyi ina kallon motoci, ina tsintar maki ɗaya-ɗaya a raina, lissafin ya ƙi kaiwa.

Duk da haka kullum sai na je asibiti, in zauna a tebur in taya su rubutu, don zaman ɗaki zai haukata ni. A sati na biyu aka kawo Yumma. An kira 'yarta an faɗa mata ba na aiki, amma tsohuwar ta tubure sai an kawo ta. Aka turo kekenta ɗakin motsa jiki, har gaban ƙarafan. Ta ganni ta saki fuska, ta miƙo mini hannun nan na hagu kamar kullum, ta ce, "Yalla binti."

Manaja na tsaye a bakin ƙofa. Idonta na kaina. Na mai da hannuwana baya na riƙe ɗaya da ɗaya, don na san in na sake su za su tafi da kansu. Na ce, "Yumma, yau ba zan iya ba." Ta ce ko ba ni da lafiya ne. Na ce lafiyata ƙalau, takardata ce ta mutu. Ta dubi 'yarta, 'yar ta yi mata bayani da Larabcinsu mai sauri. Tsohuwar ta sake dubana, hannun na nan a miƙe, ta ce, "Takarda ce ke ɗaga ni, ko ke?" Hannun ya daɗe a sama kafin ta sauke shi a cinyarta, ta juyar da kai bango yadda ta yi ranar farko. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukan da ya ƙi zuwa tun farko. Na yi jinyar mutane da yawa, wasu sun rasu a hannuna, amma ban taɓa jin na ci amanar majinyaci ba sai ranar.

Asabar ɗin satin ta kama ta ƙarshen wata. Na ɗauki fayil ɗina na tafi Al Buteen, zuciyata na tafasa, na rantse yau sai na faɗa wa Malam abin da ya ja mini. Na jira aka ci tuwo aka watse, ya rage shi kaɗai yana naɗe wayar majigi. Kuma kun san wani abu? Ko a lokacin sai da na durƙusa na gaishe shi, na tambayi mutanen gida, na yi ta kewaye-kewaye. Shi ya katse ni ya ce, "'Yata, kin rame. Me ya faru?" Na ajiye fayil ɗin a kan kujera na faɗa masa komai.

Ya zauna a hankali. Ya buɗe fayil ɗin yana ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya, kowace da ledarta tana ƙyalli. Ya ce, "Innalillahi. Waɗannan kika kai musu?" Na ce su ne. Ya ce, "Ai wannan zaman namu ne na gida. Ban taɓa kai shi a tantance ba, ban kuma taɓa cewa yana da maki ba. Takardar don tunawa ce, mutanenmu suna son ta. Ni kaina nawa makin a wani wuri nake samowa." Sannan ya ce, "Me ya hana ki tambaye ni? Rannan da kika zo ina tare da Alhaji, na ga magana a bakinki."

Na zo da faɗa, sai na rasa wanda zan yi da shi. Da ya yaudare ni ne da na samu inda zan sauke abin da ke ƙirjina. Ga shi dattijo ya cire hula yana share ido, yana cewa laifinsa ne da bai rubuta a jikin takardar ba, yana kiran wannan yana kiran wancan ko akwai bitar da za a cusa ni. Na ce, "Malam, kunyarka na ji." Ya ce, "Kunyar me, 'yata? Ni da na koya muku ku tambayi majinyaci sau uku kafin ku taɓa shi." Har yau in na tuna wannan maganar sai na ji kamar in nutse.

Ya yi iya ƙoƙarinsa, amma aikin gama ya gama. Sati uku suka cika makina bai kai ba. Manaja ta kira ni ta ce ta ɗauki wata, ta rungume ni, ta ce ba ta da yadda za ta yi, kuma na san gaskiya ta faɗa. Bayan sati biyu da barina na cike makin, kowace takarda da lambarta, farare fat kamar rasit ɗin kanti. Sai dai lasisi a can ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai da asibitin da zai ɗauke ka ya jingina shi. Bizata kuma ta aikin ce, an soke ta, kwanakin da aka ba ni suna ta zuba. Na kai takardun neman aiki duk inda ƙafa za ta kai. Inda suka kira ni, da sun ga lasisin ya taɓa mutuwa sai a ce za a neme ni. Ba wanda ya neme ni. Malam da maiɗakinsa da suka ɗauko ni su suka mai da ni filin jirgi.

Na yi wata biyu da dawowa 'yar Yumma ta turo mini saƙo. Ta ce sun gwada sabuwar sau uku, yarinyar kirki ce kuma ta san aikinta, amma tsohuwar ta ƙi ba ta hannu. Sun daina zuwa. Ƙafar ta sake sanƙarewa, yanzu a keke ake tura ta gindin dabinon. Ta ce uwar na gaishe ni, wai tana tambaya ko takardar tawa ta warke. Na karanta saƙon a tsakar gidanmu, na kasa ba da amsa sai bayan kwana biyu. Taku goma sha huɗu suka rage mana.

Yanzu ina aiki a gida, Alhamdulillahi, ban rasa abin yi ba, har ni ma an fara ce mini babba. Fayil ɗin yana nan a ƙasan akwatina, ban yar ba, ban kuma iya buɗe shi. Mun taso an koya mana cewa kara da kunyar manya ado ne, kuma har gobe ban ce ƙarya ba ne. Amma na koyi cewa akwai wurin da shiru ba ladabi ba ne, ganganci ne, kuma ba lallai mai shirun ne kaɗai zai biya ba. Tun muna yara muke jin matambayi ba ya ɓata, ni sai da na ɓata na gane da ni ake. Shi ya sa duk ƙaramin ma'aikacin da ya zo gabana na ga magana a bakinsa ya ce gaisuwa ce kawai, ba na barinsa ya tafi. Nakan jawo masa kujera in ce zauna ka tambaye ni, ko tambayar za ta ɓata mini rai. Ɓacin raina zai wuce kafin la'asar, amma akwai wata tsohuwa a Hatta da ta miƙo mini hannu na mai da nawa baya, wannan bai wuce ba har yau.